Gure: tarihin garinmu da yadda ake rayuwa a cikinsa

 

Sau da yawa in ɗan Gure ya yi nisa aka tambaye shi daga ina yake, sai ya ce "daga Damagaram", don ya huta da dogon bayani. Wasu kuma sun haifi 'ya'ya a can waje, yaran sun girma ba su taɓa taka rairayin Gure ba, sunan kawai suke ji a bakin iyaye. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara abin da ya kamata kowane ɗan wannan ƙasa ya sani game da garinsa a wuri ɗaya: inda yake, yadda ya samo asali, abin da mutanensa ke ci da shi, da abin da ke damunsa a yau. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Inda Gure take

Gure tana cikin jihar Damagaram, a gabas da birnin Zinder da tazarar kilomita 160 da 'yan kai, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Wanda ya taso daga Zinder zai wuce Mirya, ya wuce Gidimuni da tafkinta, ya wuce Gidigir, sannan ya iso. In ya zarce gabas sai Gudumariya, Maine Sorowa, Diffa, har Ngigmi, wadda a da take bakin tafkin Cadi. Daga Yamai kuwa tafiyar ta haura kilomita 1,000.

Garin yana zaune ne a tsakanin duwatsun Muniyo. A arewa, kamar kilomita 40, akwai duwatsun Kutus, inda Kelle take. In aka ƙara gaba sai ƙasar makiyaya, Tasker da dutsen Tarmit, daga nan kuma sai Sahara. A kudu iyakar Najeriya ce, wajen jihohin Yobe da Jigawa.

Gure ita ce hedikwatar gunduma mai ɗauke da ƙananan hukumomi shida: Gure kanta, Bune, Gidigir, Gamu, Kelle da Alakos. A ƙidayar jama'a ta 2012 an samu mutum fiye da 320,000 a gundumar, fiye da 70,000 a ƙaramar hukumar Gure, cikin garin kansa kuma wajen 18,000. Kowa ya ga yadda sababbin unguwanni suka bazu tun daga lokacin ya san mun wuce haka nesa ba kusa ba.

Ruwan sama a nan kaɗan ne. Abin da ake samu a shekara yana kai da kawowa ne a wajen milimita 300, kuma kusan dukansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Sauran watannin sai sanyin hunturu da ƙurarsa, sai kuma zafin bazara.

Mutanen da ke zaune a nan

Gure mahaɗa ce. A nan ƙasar Hausa take ƙarewa ta gabas, a nan kuma ƙasar Barebari take farawa. Mangawa su ne tushen Muniyo da ƙauyukan kwari. Dagirawa, waɗanda su ma Barebari ne, suna wajen Kutus da Alakos. Hausawa suna cikin gari da ƙauyukan yamma, a noma da fatauci da sana'o'in hannu. Fulani suna ko'ina da shanunsu da tumakinsu. Tubawa da Larabawa suna arewa da raƙumansu, haka ma Buzaye.

A kasuwa Hausa ce ke haɗa kowa, amma ba abin mamaki ba ne ka ga yaro ɗan shekara goma yana ciniki da Hausa, ya juya ya amsa wa kakarsa da Barbarci, ya kuma gaida mai nono da Fulatanci. Sarautun ma haka suke a gauraye: akwai mai gari, akwai bulama da lawan irin na Barebari, akwai arɗo na Fulani. Auratayya ta daɗe da cuɗa jama'a, har ya zama da wuya ka samu gidan da ba shi da dangi a wata ƙabila. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani kuwa kowa ya san shi. Sau nawa aka ga magana ta ɗauki zafi a bakin rijiya, wani ya jefa wasa, aka tashi da dariya?

Zamanin Muniyo

Kafin zuwan Nasara, wannan yanki masarauta ce mai suna Muniyo, sarkinta kuma ana ce masa Muniyoma. Muniyo tana ƙarƙashin inuwar daular Barno, tana kai gaisuwa ga Mai, daga baya ga Shehu a Kukawa. Amfaninta ga Barno biyu ne. Na farko, ita ce garkuwa ta arewa maso yamma, wadda ke tare hare-haren da ke zuwa daga hamada. Na biyu, ƙasar kanwa da gishiri ce, kuma a wancan zamani wanda ya riƙe gishiri ya riƙe arziki.

Bune ce tsohuwar fadar Muniyo. Sarkin da sunansa ya fi fita shi ne Muniyoma Koso, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 19 yana zaune a Gure. A zamaninsa ne Turawa matafiya suka fara ratsowa ta nan. Wani Baturen Ingila mai suna James Richardson ya biyo ta Gure a farkon 1851 daga Zinder, amma bai kai Kukawa ba, ajali ya cim masa a Ngurutuwa. A watan Disamba na 1852 sai ga Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya fito daga Kukawa za shi Zinder. Ya sauka a Gure, ya gana da Koso, ya kuma rubuta abin da ya gani da wanda aka faɗa masa. A lissafinsa, Muniyoma yana iya fitar da mahaya doki wajen 1,500 da 'yan baka 8,000 zuwa 10,000, kuma abin da ke shiga baitulmalinsa a shekara ya kai wuri miliyan 30.

Ku tsaya ku auna wannan. Doki 1,500 na bukatar hatsi da ciyawa da ruwa kowace rana ta Allah. Ƙasar da ta iya ciyar da su, ta ciyar da mahayansu, ba ƙaramar ƙasa ba ce. In wani ya ce muku Gure tasha ce kawai a kan hanyar Diffa, ku ba shi wannan labari.

Damagaram da zuwan Nasara

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ƙarfin Barno ya ja baya, Damagaram kuma ta taso, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya tara bindigogi da igwa, ya kuma rasu a 1884. Muniyo ta faɗa ƙarƙashin ikon Zinder. Barno kanta Rabe ya ci ta da yaƙi a 1893.

Ba a daɗe ba Faransawa suka iso. A 1899 suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a wannan shekarar. A farkon ƙarni na 20 suka kafa bariki a Gure, suka mai da ita mazaunin kumandan mai kula da yanki mai faɗin gaske. Tsakanin 1906 da 1909 tawagar Tilho ta bi ta shata iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Wannan layi shi ne ya raba mu da 'yan uwanmu na Machina da Nguru, alhali harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, kakanni ɗaya.

Zamanin Nasara ya zo da lanho, wato harajin kai, da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Sarauta ba ta mutu ba, sai dai an rage mata ƙarfi, sarakuna suka koma masu tara haraji da sasanta jama'a a ƙarƙashin kumandan. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasa, don haka Gure tana kusa da gwamnati. Da aka mayar da hedikwata Yamai, sai muka zama na nesa. A ɗaya gefen kuma jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, abin da ya ƙara karkata fataucinmu zuwa kudu.

Daga 'yancin kai zuwa yau

Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. A gyaran tsarin mulki na 1964 Gure ta zama ɗaya daga cikin gundumomin Zinder. Babban abin da ya sauya fuskar garin shi ne kwalta. A shekarun 1970, da taimakon ƙasar Kanada, aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Gure zuwa Ngigmi, wadda ake kira hanyar haɗin kai. Tafiyar da a da ake kwana da kwanaki ana yi, mota na kafewa cikin rairayi, ta dawo ta yini guda. Tasha ta cika, masu abinci da masu faci da 'yan kamasho suka samu abin yi.

A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kowace ta samu magajin garinta da kansilolinta. A 2011 aka cire Tasker daga Gure ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A 2012 kuma gwamnati ta keɓe yankin Tarmit da Tin Tumma ya zama gandun namun daji, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka.

Da rikicin Boko Haram ya tsallako Diffa da Bosso a watan Fabrairu na 2015, wannan hanya tamu ita ce mutane suka biyo suna neman mafaka. Gidaje da yawa a nan sun sauki baƙi, wasu dangi, wasu kuma ba a taɓa ganinsu ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.

Kwari, kanwa da manda

Wanda bai san ƙasar nan ba, in ya dubi tuddan rairayi sai ya ce ba abin da zai tsiro. To, ya hau tudun ya leƙa ƙasa. Tsakanin tuddan akwai kwari, ɗaruruwansu, tun daga kudancin Gure har Maine Sorowa. A cikin kwari ruwa yana kusa, wani wuri in ka haƙa kamu kaɗan ka same shi.

Kwari yana da tsari kamar faifai. A bakinsa goruba ce ta kewaye. Ciki kaɗan sai dabino. Daga nan sai lambuna: rogo, rake, dankali, masara, albasa, tumatir, kabeji, barkono, wani wuri har da ayaba da lemo da mangwaro. A tsakiya kuma, inda ruwa ke kwanciya da damina ya ƙafe da rani, nan kanwa take fitowa fari fat a kan ƙasa.

Kanwa ba sai an gaya wa kowa amfaninta ba. Ana ba dabbobi, ana sa ta a wake da miyar kuɓewa, ana kunu da ita, majema na aiki da ita, masu taba ma haka. Tun zamanin Muniyoma fatake ke ɗaukarta a kan jakuna da takarkarai da raƙuma zuwa Kano da gaba da Kano. Yau manyan motoci ne ke ɗauka, amma hanyar ba ta sauya ba.

Manda kuwa aiki ne mai wuya. Ana kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta a matata, a kwarara ruwa ya tsiyaye. Ruwan da ya tsiyaye shi ake zubawa a ƙananan tukwane da aka jera a kan murhu, a yi ta wuta ana ƙara ruwa har ya daskare, sannan a fasa tukunya a fitar da curin gishiri. Aikin rani ne, yana kuma cin itace ba kaɗan ba.

Goruba ma ba a yar da komai nata. 'Ya'yan a ci ko a kai kasuwa, kaba a saƙa tabarma da igiya da faifai, itacen a yi rufin ɗaki. Mata da yawa a ƙauyukanmu da kuɗin tabarma suke sayen sabulu da gishirin miya, har su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. A kan tudu kuma akwai ɗakwara mai ba da ƙaro, wanda ƙasar Gure ta daɗe da yin suna a kansa.

Noma da kiwo

Abincinmu hatsi ne. Manomi yana shuka gero a jigawa da ruwan farko, ya sa wake a tsakani, inda ƙasa ta fi nauyi ya sa dawa, wasu su ƙara da riɗi ko gujiya. Da yake damina gajera ce, iri mai saurin nuna ya fi amfani. In ruwa ya ɗauke kwana ashirin a tsakiyar Agusta, to sai addu'a. Ga kuma fara, da tsuntsaye, da tsutsar da ke cin zangarniya.

Kiwo shi ne bankin talaka. Akuya biyu a bayan ɗaki su ne kuɗin magani, rago shi ne suna da layya, saniya ita ce aure. Makiyaya na tafiya arewa da damina inda ciyawa ta fito, su gangaro kudu bayan girbi. Wannan kai da kawowa doka ta san da shi. Tun 1961 aka shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ta ba ta arewa. A 1993 aka kafa dokar karkara wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye, a 2010 kuma aka ƙara wata doka ta musamman kan kiwo.

Abin da dokokin nan ke cewa a taƙaice shi ne: burtali da makiyaya da mashaya na kowa ne, ba a nome su. Dabba ba ta shiga gona sai bayan ranar da hukuma ta sanar da sakin gonaki. In ɓarna ta auku, a je wurin mai gari ko sarki a ƙiyasta a biya, kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Wanda ya sayi gona ko ya karɓi aro ko jingina, ya nemi takarda a wurin kwamitin filaye tun masu shaida na raye. Yawancin shari'un da ke raba zumunta a ƙasar nan, in ka bi su, za ka tarar gona ce da aka bayar da baki shekara talatin da suka wuce.

Kasuwa da iyaka

Kowane yanki da ranar kasuwarsa, kuma ɗan kasuwa na iya cika mako yana zagayawa. Subdu ta yi suna wajen dabbobi, haka ma Kazowe da Bultum. Gidigir kuwa kayan kwari ne: rake, rogo, dabino, kanwa. Dillalai na haɗa mai saye da mai sayarwa su karɓi la'ada, ana auna hatsi da tiya, ana lissafi da dala da jika.

Mafi yawan dabbobin da aka saya a nan Najeriya suke nufa, ta Maigatari da kasuwannin Yobe. Daga can kuma masara da man fetur da kayan masarufi ke shigowa. Don haka in naira ta faɗi, mai rago a Subdu ya ji a jikinsa ko da bai taɓa zuwa Kano ba, domin ɗan kasuwar da ke sayen ragon da naira zai sayar. Haka in aka rufe iyaka. Mun gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sake gani bayan Yuli 2023: dabba ta yi arha, abinci ya yi tsada, makiyayi ya sayar da awaki biyu ya sayi abin da a da akuya ɗaya ke saya.

Shekarun da ba a mantawa

Tsofaffinmu da yunwa suke ƙidayar shekaru. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai farin 1973 da 1974, wanda ya ƙarar da garkunan shanu, a cikinsa ne kuma Seyni Kunce ya karɓi mulki. Akwai ta 1984, wadda ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da mutane suka saba bi su tsira. Sai 2005, bayan farin ɗango da ƙarancin ruwa na 2004, sai kuma 2010.

Kowace daga cikinsu ta bar darasi. Daga nan aka samu bankunan cimaka a ƙauyuka, inda ake sayen hatsi da kaka a ajiye, a sayar wa jama'a da rahusa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Daga nan gwamnati ke fitar da hatsin OPVN a farashi mai sauƙi. Daga nan kuma makiyaya da yawa suka gane cewa gara a rage garke tun dabba na da nama, da a tsaya kallonta tana faɗuwa a watan Yuni.

Rairayi na tafiya

Babbar barazanar da ke gabanmu a yau ita ce rairayi. A da tuddan nan a rufe suke da ciyawa da itatuwa, saiwoyi sun riƙe su. Fari ya kashe wasu, gatari ya sare wasu, dabbobi suka tattake sauran, gonaki suka hau inda a da ba a nomawa. Da tudu ya tsiraita, iskar hunturu sai ta ɗebe shi ta zuba a kwari. Akwai kwarin da dattawa suka sha rake a cikinsa suna yara, yau kan goruba kawai ake hange. Wani wuri rairayin har kan kwalta yake hawa, ko ya danne katangar lakwal.

Maganin an san shi, kuma an gwada shi a nan an ga amfaninsa. Ana saro kalumbo ko kaba a kafa shinge a kan tudu, layi bayan layi, a gicciye da hanyar iska, wani lokaci a yi shi gida-gida kamar dara. Shingen yana karya ƙarfin iska, rairayi ya tsaya. Da damina ta sauka sai a dasa itatuwa a tsakani, a watsa irin ciyawa. Sannan a sa mai gadi, a hana dabbobi shiga shekara biyu ko uku. Shirin PLECO, wanda aka kafa musamman domin ceton kwarin Gure da Maine Sorowa, da wannan dabara ya yi aiki, haka ma wasu ƙungiyoyi.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan shiri ya tashi. In kuɗin aiki ya ƙare, mai gadi ya koma gida, wani ya zare shinge ya kai murhu, wani ya saki awaki da dare, shekara biyu sai a koma gidan jiya. Garuruwan da aikinsu ya tsaya su ne waɗanda suka kafa kwamiti da kansu, suka sa tara, suka kuma raba amfanin wurin, ciyawa da itace, ta yadda kowa ya ga ribarsa. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a ƙasar nan tun 1975. Dashe ba wuya, rainon ne aiki.

Ruwa, karatu da lafiya

Wani abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda kwari ke da ruwa a kusa amma garuruwan kan dutse na fama da ƙishirwa. Dalili shi ne ƙarƙashin Muniyo da Damagaram dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsaguwarsa. Ana iya haƙa foraj a kashe kuɗi mai yawa a tashi ba ɗigo. Shi ya sa da bazara za ka ga amalanken jakuna da jarkoki sun yi layi tun asuba, 'yan mata kuma su makara zuwa lakwal.

Wajen karatu, allo ya riga boko da ɗaruruwan shekaru. Tun da can almajiranmu gabas suke nufa, ƙasar Barno, neman haddar Alƙur'ani. Yau akwai makarantun firamare a ƙauyuka, akwai koleji da lise a gari, wanda ya ci jarrabawa kuma ba sai ya je Yamai ba tunda an buɗe jami'a a Zinder da Diffa. Matsalar ita ce riƙe yaro har ya gama, musamman 'ya mace da ɗan makiyayi.

Gure tana da asibitin gunduma, manyan ƙauyuka kuma suna da gidajen likita. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Da damina ma'aikata na bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata. Iyaye mata, a daure a ba yaro sauran ƙwayoyin na kwana biyu da aka bari a hannunku, kada a ajiye su a ƙarƙashin tabarma. Mai ciki kuma ta je awo tun da wuri, domin nisa da rairayi ba sa jiran naƙuda.

Zaman tare

Duk da wahalar ƙasa, Gure gari ne mai daɗin zama. Ranar Salla a fito idi, dawaki su sha ado, algaita da ganga su tashi a ƙofar fada. Bayan girbi samari su shiga fagen kokowa, ƙauye da ƙauye. Ranar biki mata Mangawa su fito da kitsonsu da turaren wutarsu wanda tun daga nesa za ka san an yi taro. Da dare a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a ɗora shayi, rediyo na gefe.

Gayya ba ta mutu ba. Har yanzu in ɗakin tsohuwa ya faɗi, ko gonar marar lafiya ta yi ciyawa, ana kiran samari a yi a gama yini ɗaya. Mata na da adashinsu da asusun ƙungiya. In aka yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta ƙwaryar hatsi ta fara shigowa daga maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen nan sun san haka tun kafin a zo da kalmar ƙungiya.

Ga 'yan uwa na nesa

Cin rani tsohuwar al'ada ce a nan. Da an gama girbi samari su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, tun 2014 kuma wasu wajen zinariyar Jado. Kuɗin da kuke aikowa shi ne ke cika rumbun gidaje da yawa in hatsi ya ƙare, shi ne ke biyan magani da kayan makaranta. Ba wanda ya isa ya raina wannan.

Abin da muke roƙo shi ne a ƙara da na gari. 'Yan ƙauye ɗaya da ke zaune a birni ɗaya, in suka haɗa kai, suna iya biyan mai gadin tudun da aka dasa, ko gyaran famfon da ya lalace, ko rufin aji guda. Ku kuma riƙa gaya wa 'ya'yanku sunan ƙauyenku da sunan kwarin kakanku, ku koya musu gaisuwa da harshen gida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ku kuma na gida, wanda ke da tsoho ko tsohuwa mai labarin da, ya zauna da su da wayarsa ya ɗauki muryarsu tun suna nan: yadda aka kafa ƙauyen, wa ya haƙa rijiyar farko, ina burtali ya bi. Ku kawo mana, mu sa a iska kowa ya ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku.